Kafin ka tuge dundun nan, duba saiwarsa

Lokacin sharar gona, daga Dukku har Nafada abin da ake gani ɗaya ne: gatari, sai wuta. 'Yan'uwa manoma, ba kowane tsiro ne ke cin gona ba, akwai masu ciyar da ita.

In damina ta kankama, ka haƙa gindin ƙaramin dundu ko bagaruwa a hankali, ka wanke ƙananan saiwoyin. Za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle manne da su, irin na gyaɗa da wake. Fasa ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne, yana aiki. In fari ne ko kore, bai fara ba ko ya gama. Kada a rikita shi da kumburin da tsutsar ƙasa ke sa wa tumatir. Wancan saiwar ce kanta ta kumbura, wannan kuwa da ka murza zai ɓalle.

Ƙwayoyin bakteriya ne zaune a ciki. Kashi 78 cikin 100 na iska naitirojin ne, sinadarin da muke saye da tsada a buhun yuriya, amma tsiro ba ya iya ɗaukarsa daga iska. Ƙwayoyin nan ne ke sarrafa masa shi, shi kuma ya ciyar da su. Ganye ya zuba ya ruɓe, ƙasa ta samu rabonta.

Kuma ƙwayoyin ba iri ɗaya ba ne, kowane tsiro da abokan shirinsa. Gawo ya fi jituwa da dangin Bradyrhizobium, dakwara da Mesorhizobium da Ensifer. Akwai ma wani zamarke da har a jikin kararsa yake ƙulli, tare da Azorhizobium. Shi ya sa NoduMax, garin irin waɗannan ƙwayoyi da ake cakuɗa iri da shi kafin shuka, wanda cibiyar binciken noma ta IITA ke haɗawa, na waken soya ne, ba na kowace shuka ba. Gonar da aka share tas, ta kori masu masaukin waɗannan ƙwayoyi iri-iri. Kalgo da tsamiya da tafasa kuwa, duk da dangin wake ne, ba sa ƙulli. Amfaninsu ta wata hanya yake.

Bana in ka zo kan kututture mai toho, ka bar masa rassa biyu ko uku masu ƙarfi, ka datse saura, ka baza ganyen a gona maimakon ƙonawa. Wake da gyaɗa kuma kada a cika musu yuriya, yana rage ƙullin. Takin sufa suka fi buƙata.