Waiwaye: Yadda aka koyi bin sawun ciwon ƙananan jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa

Wannan ciwo ba ya sallama idan zai shigo. Yakan shafe shekaru yana ɓarna a ɓoye kafin a ga mantuwa, ko tafiya ta fara gagara, ko ɓarin jiki ya shanye. Tun 1894 likita Otto Binswanger ya bayyana irin wannan lalacewa, a shekarun 1960 kuma likita Miller Fisher ya yi bayanin 'yan ramukan da toshewar jijiya ke bari. Amma a ƙwaƙwalwar mamata suka gani, bayan aikin gama ya gama.

Zuwan na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta CT a 1971, da MRI a bayanta, shi ya ba da damar leƙa ƙwaƙwalwar mai rai. A 1987 likita Franz Fazekas ya fito da ma'auni daga 0 zuwa 3 na fararen tabban da ke fitowa a hoto. Ma'aunin ido ne, kuma wanda ya kai mataki na 3 ba shi da wurin hawa ko da tabon ya ninka. Dole aka koma auna girmansa da kwamfuta.

Masana ƙididdiga sun riga sun share hanya. A 1982 Nan Laird da James Ware suka tsara lissafin da ke ba kowane mutum nasa mafari da nasa saurin, tunda hotonsa na bana da na bayan shekara uku ba baƙin juna ba ne. Da aka bi tsofaffi a Rotterdam ta Netherlands da Graz ta Ostiriya, an ga masu tabban da suka riga suka haɗe su ne ciwonsu ke gudu. A Nijmegen ta Netherlands, inda aka ɗauki hoto a 2006 da 2011 da 2015, an gano tafiyar ba miƙaƙƙiya ba ce, har a wasu tabon ya ragu.

Abin da ya fi damuna shi ne waɗanda ba sa dawowa. Wanda ciwo ya fi ci shi ne ke rasuwa ko ya kasa zuwa hoto na biyu, sai alƙaluma su nuna ciwon yana da sauƙi alhali ba haka ba ne. Canjin na'ura a tsakiyar bincike ma yakan yi kama da canjin ciwo. Shi ya sa ake haɗa lissafin girman tabo da na lokacin mutuwa wuri guda.

Da awon girman tabo a hoto ne gwajin SPRINT MIND na Amurka ya nuna a 2019 cewa ƙoƙarin sauko da lambar sama ta awon hawan jini ƙasa da 120 yana rage saurin yaɗuwar tabban.