Kin bar tukunya amma tumbi sai ƙaruwa yake? Ga amsoshin tambayoyin da ake ta yi mini

Aikina jinya ne a nan Maradi, kuma tun da salon cin ɗanyen abinci zalla ya shigo mana ta WhatsApp ban huta ba. A wurin aiki a tambaye ni, a gidan suna a tambaye ni, har wurin masu kayan miya an sha tare ni. Salon dai shi ne mutum ya bar duk abin da wuta ta taɓa: ba tuwo, ba shinkafa, ba miya, sai salak, karas, kokumba, ƴaƴan itace, ɗanyar gyaɗa, aya da dabino. Bayan wata biyu ko uku sai a dawo ana kuka. Jiki ya mutu, barci ya ƙi, wuya da hannaye sun rame, amma ciki sai fitowa yake. Waɗanda suka kawo salon kuma sai su ce "adirinal ɗinki ce ta gaji", su miƙo maganin da suke sayarwa. Yawancin masu tambayar mata ne, shi ya sa da su nake magana, amma maza ku ma ku karanta.

Mece ce adirinal ɗin ma?

Wasu ƴan gaɓoɓi ne guda biyu, kowace tana zaune a saman ƙoda kamar hula, nauyinta kusan giram 5. Su ke fitar da kotizol, sinadarin da ke riƙe sukarin jini ya kuma taimaki jiki ya jure wahala. Su ke fitar da wani mai kula da gishiri da ƙarfin bugun jini, da kuma adirinalin, wanda ke sa gabanki ya faɗi in ɗan kabu-kabu ya kusa banke ki.

Da gaske tana gajiya?

A'a. Wani mai maganin gargajiyar Turawa ne, James Wilson, ya fito da wannan suna a 1998. A 2016 wasu likitoci biyu a Brazil suka tattara bincike 58 da aka yi a kan batun, ba su sami hujjar cewa akwai irin wannan cuta ba. Gajiyar da kike ji gaskiya ce, ban ce ƙarya kike ba. Amma a nemi dalilinta inda yake: ƙarancin jini, zazzaɓin cizon sauro da bai gama fita ba, ciwon sukari, rashin barci, ko yunwar da kika ɗora wa kanki.

Ruwan ɗumi da lemun tsami da asuba yana narkar da kitsen ciki?

Ba ya narkarwa.

Shayin rage tumbi fa?

Da yawansu filasko ne a ciki, ko wani abu mai sa gudawa. Ruwan jikinki kike zubarwa, kitsen yana nan inda yake. Ki bar shi.

Ina shafa man ƙara haske, a da kuma na sha ƙwayar ƙiba. Suna da alaƙa da cikin nan?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara yi mini, amma sai na ja ta da ƙarfi ake faɗa. Suna da alaƙa ƙwarai. Ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe da yawansu deksametazon ne ko firedinisolon, man bilicin kuma da yawansa akwai kilobetasol ko betametazon a ciki. Dukkansu dangin kotizol ne. In suka daɗe suna shiga jiki, fuska takan yi zagaye ta cika, kitse ya taru a ciki da bayan wuya, ƙafafu da hannaye su sirance, nankarwa mai faɗi ja-ja ta fito a ciki da cinya, sukari da hawan jini su tashi. Likitoci suna kiran wannan ciwon Kushin, kuma irin waɗannan magunguna su ne suka fi haddasa shi.

Wata ƴar'uwa ta zo mini ta yi wata huɗu tana cin ganye don ta rage ciki. Da ta ɗaga hijabi na ga fatar hannunta ta yi laushi har jijiyoyi sun fito fili, inda na ɗaura abin awon jini kuma nan take ya yi tabo. Na ce, ƙanwata, me kike shafawa? Sai da ta yi jim kafin ta ciro bututun man daga jaka. Shekara uku tana shafa shi daga fuska har ƙafa. Haba ƴan'uwa! Ki hana kanki tuwon gero saboda lafiya, ki kwana kina shafa wa jikinki guba?

To amma ki saurara da kyau: kar ki daina ƙwayar kwatsam lokaci guda. In jiki ya saba samun kotizol daga waje, adirinal takan rage nata aikin, in aka yanke kwatsam jini na iya faɗuwa, amai da suma su biyo baya, har a rasa rai. Ki ɗauki kwalin ki kai wa likita, shi zai tsara yadda za a rage a hankali. Wanda kuma likita ya rubuta wa irin wannan magani saboda asma ko wata cuta, ya ci gaba da sha, ya koma wurin likitansa da zancen.

Ta yaya ɗanyen abinci zai sa ƙiba, alhali ba mai ba tuwo?

Wa ya ce ba mai? Kusan rabin ƙwayar gyaɗa mai ne, mu ƴan Maradi ai ba sai an faɗa mana ba. Giram 100 na gyaɗa, wato cikin hannu uku ko makamancin haka, yana da kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, kusan 570. Dabino mai wannan nauyi kusan 280. Kokumba kuwa 15. Salak ba ya riƙe ciki, saboda haka kafin azahar yunwa ta taso, sai hannu ya shiga leda: gyaɗa, aya, dabino, kwakwa, a kora da kunun aya mai zuma ko gorar ruwan mangwaro. Wata har gumba take dakawa tana cewa ai ba a dafa ba. Ba zama aka yi aka ci abinci ba, shi ya sa ba a lissafa shi.

Damuwa tana kawo tumbi?

Tana taimakawa. Kotizol yakan yi sama da sassafe, ya sauka a hankali har tsakar dare. In mutum ya daɗe cikin tashin hankali, ga bashi, ga rigimar gida, ga tsadar hatsi, ga barci rabi-rabi, wannan tsari yakan rikice, kwaɗayin zaƙi da maiƙo ya ƙaru, kuma kitsen da ke kewaye da hanji ya fi sauran saurin amsa kiran kotizol. Abin da masu tallar salon ba sa faɗa shi ne, yunwa ita ma wahala ce ga jiki, kuma tsananta rage abinci yana ɗaga kotizol. Ki kwantar da hankalinki, wannan ba ya nufin wani abu ya lalace a jikinki. Adirinal ɗinki aikinta take yi.

Na rame, hawan jinina ya ɗan sauka, amma ciki ya fito kuma ba ni da ƙarfi. In daina ko in ci gaba?

Nan ba zan iya ba ki amsa guda ba, domin ba kowane babban ciki ne kitse ba, kuma ban gan ki ba.

Fara da wannan. Ki samo mitar tela. Da safe kafin ki ci komai, ki tsaya, ki saki numfashi, ki auna tsakanin ƙarshen haƙarƙari da saman ƙashin ƙugu. Da dare ki sake aunawa a wuri ɗaya. Ki yi haka mako guda kina rubutawa. In da safe cikin a lafe yake, da dare ya kumbura kamar ganga, ga gyatsa ga tusa, mai yiwuwa iska ce. Ɗanyen kabeji, albasa, mangwaro da kankana masu yawa sukan yi haka, musamman ga cikin da bai saba ba. Wannan mai sauƙi ne: a rage yawa, a dafa wasu, a tauna sosai. In kuwa safe da dare duk ɗaya ne, kuma kina iya damƙo shi da hannu, ya fi kama da kitse. Ga mace, ƙugun da ya wuce santimita 80 abin lura ne, 88 kuma haɗarin ya ƙaru. Ga namiji 94 da 102. Hanya mai sauƙin tunawa ita ce kada ƙugu ya kai rabin tsawon mutum.

Akwai kuma na uku, wanda na fi gani ga masu wannan salo. In jiki bai sami abin gina tsoka ba, wato wake, ƙwai, kifi, nama, nono, sai ya ci naman kansa. Damtse da cinya su zube, naman da ke riƙe ciki ya saki, sai cikin ya zubo gaba ko da sikeli ya nuna an rage nauyi. A Jamus an bi mutanen da suka daɗe a kan ɗanyen abinci, aka buga sakamakon a 1999: matan sun rage kusan kilo 12, kuma kusan kashi 30 cikin 100 na waɗanda ba su kai shekara 45 ba al'adarsu ta rikice ko ta ɗauke. In taki ta fara wasa, jiki magayi, ya riga ya ba ki amsa.

Sai na huɗu, wanda ba ya jiran awon mako guda. In cikin ya yi tauri yana ƙyalli, ƙafafu sun kumbura, ido ya yi rawaya, ko kina jin ƙullutu a mara, ko jinin al'ada ya yi yawa, ki je a yi miki hoton ciki da gwajin hanta. Ruwa a ciki da ƙari a mahaifa ba kitse ba ne, ba iska ba ne. A yi gwajin juna biyu ma, ko kina ganin ba shi ba ne, na sha ganin haka. In kuma ramar ta zo da jiri in kin miƙe, kwaɗayin gishiri, amai, da duhun fata a layukan tafin hannu da dasashi, wannan na iya zama ciwon adirinal na gaskiya, wanda Thomas Addison ya bayyana a Landan a 1855. Ba shi da yawa, amma tarin tibi yana cikin abubuwan da ke kawo shi, kuma yana da magani na asibiti.

In duk waɗannan babu, shawarata ki koma tukunya, amma kar ki zubar da abin kirkin da kika samu. Jininki ya sauka ne mai yiwuwa saboda kin bar dunƙulen magi, gishiri, soye-soye da lemun kwalba, ba don wuta ce ke da laifi ba. Ki riƙe wannan. Ki bar salak da ƴaƴan itace su ci gaba da zama a kwanonki, don wuta tana rage bitamin C. Amma tumatir da karas in an dafa su da ɗan mai jiki ya fi cin moriyar wasu sinadaransu. Ki fara da abinci dafaffe sau ɗaya a rana: kwaɗon zogalen Jiratawa da ɗan ƙuli-ƙuli, ko dafaffen wake, ko malmala ɗaya ta tuwo da miyar kuka da kifi. Bayan kwana uku ko huɗu ki ƙara na biyu. Gyaɗa cikin hannu ɗaya a yini ta isa. Sikeli zai iya hawa kilo ɗaya ko biyu a makon farko, yawanci ruwa ne da jiki ke mayarwa, kar ki firgita ki gudu.

Sai dai in kina shan maganin sukari ko na hawan jini, kar ki sauya abinci ke kaɗai. A riƙa aunawa, domin adadin maganin zai iya buƙatar gyara. Kuma in kin yi watanni ba nama ba nono ba ƙwai, ki faɗa wa likita, saboda bitamin B12 ba ya cikin ganye, rashinsa kuma yana taɓa jini da jijiya.

Zan iya cin ɗanyen wake in na jiƙa shi? Rogo fa? Madarar da aka tatso yanzu?

A'a, a'a, a'a. Ɗanyen wake yana ɓata ciki, rogo mai ɗaci yana da guba, madarar da ba a tafasa ba tana ɗauke da cututtukan shanu. Salak ɗin ma ki wanke shi ganye-ganye da ruwa mai tsabta. Mun ga kwalara a jihar nan a 2018 da 2021, ba labari aka ba mu ba.

Zan iya sa yarana a ciki? Ina da ciki, ina shayarwa?

Kar ki kuskura. Cikin yaro ƙarami ne, ganye zai cika shi bai samu abin girma ba. Ki dama masa kunu, ki ba shi ƙwai da wake. Ke ma haka.

To me zan yi da damuwar?

Barci awa 7, waya a ajiye bayan isha'i, shayi mai ƙarfi a bar shi da yamma. Tafiya da sauri minti 30, kwana 5 a mako, bayan asuba kafin rana ta yi zafi. Ki sami wadda kika yarda da ita ki faɗa mata abin da ke cin ki. In kuka da rashin barci sun wuce mako biyu, ki zo asibiti, ba abin kunya ba ne.

In je a gwada mini kotizol?

Ba da kanki ba. Adadinsa yana sauyawa daga safe zuwa dare, gwaji ɗaya da aka yi a lokacin da aka ga dama ba lallai ya nuna komai ba. Likita ne zai ce ko ana buƙata, da ƙarfe nawa za a ɗebi jinin. Ranar da za ki je, ki zuba duk abin da kike sha da wanda kike shafawa a leda ki tafi da su, har da na mai tallar magani a tire.