Faɗin inda mutum yake zaune a harshen Fotugis

A harshen Fotugis, wanda shi ne harshen hukuma a Fotugal da Burazil da Angola da Mozambik da wasu ƙasashe, aikatau ɗin da aka fi amfani da shi wajen faɗin mazauni shi ne "morar", wanda ya samo asali daga kalmar Latin "morari", mai nufin dakatawa ko jinkirtawa a wuri. Mai magana yakan ce "moro", idan kuma jama'a ne sai su ce "moramos", kuma ba dole ba ne a ambaci wakilin suna, domin ƙarshen aikatau ya riga ya nuna mai aikin. Ana amfani da "viver" ma, amma ya fi faɗi, don ya ƙunshi rayuwa baki ɗaya, shi kuwa "residir" na takardun hukuma ne.

Inda wahalar take shi ne ƙaramar kalmar da ke zuwa kafin sunan wurin. Asalinta "em" ce, kuma haka take zama gaban yawancin birane, kamar "moro em Lisboa" ko "moro em São Paulo". Sai dai wasu sunayen suna tafiya da kalmar da ke nuna jinsinsu, "o" ga namiji, "a" ga mace, kuma idan "em" ta haɗu da su sai ta koma "no" ko "na". Shi ya sa ake cewa "no Porto" da "no Rio de Janeiro", domin sunayen biyu daga kalmomin yau da kullum suke, tashar jiragen ruwa da kogi. Ƙasashe ma haka ne: "no Brasil", "na Nigéria", "no Níger", "nos Estados Unidos" (Amurka, inda "nos" jam'in "no" ne), amma "em Portugal", "em Angola", "em Moçambique". Babu wata ƙa'ida guda da ta game su duka, don haka hanya mafi inganci ita ce a haddace kowane suna tare da kalmarsa, musamman ga Bahaushe wanda harshensa ke ɗaukar sunayen garuruwa da ƙasashe a matsayin mace, kuma kalmar Hausa "a" (kamar "a Kano") kaɗai ta ishe shi.

Idan ana son nuna cewa zaman na yanzu ne, akan ƙara "atualmente", wato "a halin yanzu", ko a sauya ginin jimlar, kuma a nan karin harshen ya rabu: Burazil na cewa "estou morando", Fotugal kuwa "estou a morar". Tambayar "ina kake zaune?" ma ta bambanta, domin "onde você mora?" ita ce ta gama-gari a Burazil, a Fotugal kuma aboki kan ji "onde moras?", babba ko baƙo kuma "onde mora?". Tsawon zama da "há" ake faɗinsa, kamar "moro aqui há 2 anos" (shekara 2 ke nan ina zaune a nan), asalin mutum kuwa da "sou de" (ni daga wuri kaza nake), wanda ba ya nuna inda yake zaune a yau.