Dokar Mello-Roos: harajin da ake saye tare da gida a Kalifoniya

A 1978 masu jefa ƙuri'a a jihar Kalifoniya ta Amurka suka amince da ƙuduri mai lamba 13, wanda ya ƙayyade harajin gidaje da filaye a kashi 1 cikin ɗari na darajarsu. Masu gida sun sami sauƙi, amma aljihun ƙananan hukumomi ya rame. Ga sababbin unguwanni na ta tsirowa, ga babu kuɗin titi, magudanar ruwa ko makaranta. Shi ne a 1982 majalisar jihar ta yi dokar Mello-Roos, mai ɗauke da sunan 'yan majalisa biyun da suka kawo ta, Henry Mello da Mike Roos.

Dokar ta ba birni, gunduma ko hukumar makarantu ikon shata wani yanki na musamman, a ci bashi da sunansa ta hanyar sayar da takardun lamuni, a yi aikin da yankin ke buƙata. Kadarorin da ke cikin yankin kaɗai ke biyan bashin, ta wani haraji da ake ƙara musu duk shekara, wanda kan iya kai wa shekara 40. Ba a lissafa shi bisa darajar gida. Yawanci girman fili ko faɗin gini ake dubawa, shi ya sa iyakar kashi 1 ba ta taɓa shi.

Sai kashi biyu cikin uku na masu ƙuri'a sun yarda kafin a kafa harajin, kuma a nan ne gizo ke saƙa. Idan masu rajistar zaɓe a yankin ba su kai 12 ba, masu filaye ne ke jefa ƙuri'a, eka ɗaya ƙuri'a ɗaya. A filin da ba a riga an gina ba, sau da yawa mai filin kamfanin gini ne shi kaɗai. Shi zai amince, iyalan da za su tare daga baya su biya. A ganina wannan ne babban raunin dokar: wanda zai ɗauki kayan ba ya nan lokacin da aka ɗaura shi, ko da yake ba a musu, shi ne zai mori titin da makarantar.

Doka ta wajabta wa mai sayarwa ya sanar da mai saye wannan haraji a rubuce. Mai saye ya tambayi nawa ne a shekara, ko yana ƙaruwa, da shekarar da zai ƙare, domin wanda ya kasa biya, ana iya kai shi kotu a sayar da gidan.