Waiwaye: Yadda imel ya koyi tambayar "wa ya aiko ka?"

Ƙa'idar da ke ɗaukar imel daga saba zuwa saba (kwamfutar da ke karɓa da miƙa saƙonni), wato SMTP, Jon Postel ne ya fitar da ita a watan Agustan 1982, shekara 11 bayan Ray Tomlinson ya fara aika saƙo tsakanin kwamfutoci biyu da alamar @. A wancan zamani kwamfutocin da ke kan ARPANET, hanyar sadarwar da ta haifi intanet, 'yan ɗaruruwa ne, akasari na jami'o'i da cibiyoyin bincike a Amurka, masu kula da su kuma sun san juna. Saboda haka ba a tanadi hanyar tantance mai aikawa ba. Saba takan ƙwanƙwasa ƙofa ta 25, wato lambar mashigar da aka ware wa imel, ta ce "wannan wasiƙa daga wane take," ɗayar ta karɓa ba tambaya. Tun ran gini tun ran zane: har yau tushen ƙa'idar bai canja ba, duk kariyar da muke gani daga baya aka yi ta liƙa mata.

Kowane imel adireshin mai aikawa biyu gare shi. Akwai na jikin ambulan, wanda sabobi kaɗai suke gani lokacin miƙawa, akwai kuma na kan wasiƙar, wanda mai karatu yake gani. Ba dole ba ne su zo ɗaya. Yawancin rikicin da ya biyo baya daga wannan gibi ya taso.

An ga alamar farko a 1978, lokacin da Gary Thuerk na kamfanin DEC ya aika talla ga mutum wajen 400 a kan ARPANET. Aka yi masa caa, magana ta wuce. Abin da ya girgiza mutane shi ne tsutsar kwamfuta, wato manhaja mai yaɗa kanta, da ɗalibi Robert Morris ya saki ranar 2 ga Nuwamban 1988. Ɗaya daga hanyoyin da ta bi ita ce wata kafar gwaji da aka bari a buɗe cikin Sendmail, manhajar miƙa imel. An ƙiyasta ta kama kwamfutoci kusan 6,000 cikin wajen 60,000 da ke haɗe a lokacin, kuma ita ce sanadin kafa cibiyar CERT mai ɗaukar matakin gaggawa kan harin kwamfuta a jami'ar Carnegie Mellon.

Da intanet ya buɗe wa 'yan kasuwa a shekarun 1990, sai ɗabi'ar da a da ake ganinta karamci ta zama annoba. Sabobi sukan karɓi wasiƙar kowa su miƙa wa kowa, masu saƙonnin shara kuwa suka mai da su jakunansu. A 1997 Paul Vixie ya fara jerin adireshin IP (lambar da ake gane kwamfuta da ita a intanet) na masu wannan ta'asa, Spamhaus ta Steve Linford ta biyo a 1998. Aikin jerin ba wuya: kafin saba ta karɓi saƙo sai ta tambayi jerin ta hanyar DNS, kundin sunaye da adiresoshin intanet, in adireshin yana ciki ta rufe ƙofa. A 1998 ɗin ne Sendmail 8.9 ta daina miƙa wa baƙo wasiƙa sai an ba ta izini, aka kuma ware ƙofa ta 587 domin masu akwati su riƙa aikawa ta nan, a bar ta 25 tsakanin sabobi.

Masu shara suka koma kwamfutocin jama'a da suka harba da mugayen manhajoji. A 2004 Bill Gates ya ce nan da shekara biyu za a gama da matsalar, ba a gama ba. Da aka yanke wa kamfanin McColo na Kalifoniya layi a Nuwamban 2008, shara ta ragu da fiye da rabi a duniya, amma cikin 'yan watanni ta dawo. Toshe adireshi bai isa ba, dole a san mai domen, wato sunan da ke bayan alamar @, da gaske shi ya aiko.

SPF ce ta fara, wajen 2003, ta samu cikakkiyar ƙa'ida a 2014. Mai domen zai rubuta layi ɗaya a DNS yana lissafa sabobin da ya yarda su aika da sunansa, ya rufe da -all, wato a ƙi duk wanda ba ya ciki, ko ~all, a karɓa amma da zargi. Kurakurai biyu ne suka fi kashe ta. Na farko, a rubuta layin SPF biyu a domen guda, sai duka su ɓaci. Na biyu, ƙa'idar ba ta yarda a wuce tambayar DNS 10 ba, kuma kowane umarnin "include" da "a" da "mx" da ke cikin layin ana ƙirga shi, har da waɗanda ke ƙunshe cikin na kamfanonin da ka gayyato. Kamfanin da ya haɗa mai aika rasit da mai aika talla da mai riƙe akwatunan ma'aikata yakan haura goma bai sani ba. Ban da haka, SPF adireshin ambulan kaɗai take dubawa, kuma tana karyewa idan wata saba ta tura wasiƙar gaba.

DKIM, wadda aka haɗa daga aikin Yahoo da na Cisco, ta samu ƙa'ida a 2007, sa hannu ce. Saba tana buga wa wasiƙa hatimi da mabuɗin sirri, mai karɓa ya gwada shi da mabuɗin fili da ke cikin DNS. A 2012 aka bayyana cewa wani masanin lissafi, Zachary Harris, ya fasa mabuɗin Google mai tsawon bit 512 ya aika wasiƙa da sunan shugabannin kamfanin. Yau 1024 ne mafi ƙaranci, 2048 ake so. Sai dai mabuɗin 2048 ya fi haruffa 255 da jere ɗaya na TXT, wato filin rubutu a DNS, yake ɗauka, dole a raba shi gida biyu, kuma a nan mutane da yawa suke yin tuntuɓe.

DMARC ta zo a 2012 ta ɗinke gibin nan na asali. Sharaɗinta shi ne domen da mai karatu yake gani ya dace da wanda SPF ko DKIM ta tabbatar. Mai domen yana zaɓar hukunci: none, a sa ido kawai, quarantine, a jefa kwandon shara, ko reject, a ƙi karɓa. Kada a yi gaggawa. Da Yahoo ta koma reject a Afrilun 2014, zaurukan tattaunawa ta imel da dama sun rikice, domin suna taɓa taken saƙo su ɓata hatimi. Abin da ya dace shi ne a zauna kan none na 'yan makonni ana karanta rahoton da manyan masu karɓa ke aikowa kullum, a gano duk na'urar da ke aikawa da sunanka, sannan a tsaurara. Zama kan none shekara da shekaru kuwa bai kare kowa daga komai ba.

Duk waɗannan asali suke tabbatarwa, ba hali ba. A sabar da shafuka ɗari suke raba IP ɗaya, ƙarin manhajar WordPress (ta gina shafuka) guda da aka ƙi sabuntawa ya isa ɓarawo ya dasa ɗan fayil ɗin PHP ya kwana yana aika dubban saƙonni, wani lokaci da hatiminsu lafiya lau. Kafin gari ya waye adireshin ya shiga jeri, wake ɗaya ya ɓata gari. Alamar farko ita ce layin jiran wasiƙu ya kumbura ba dalili. Maganin ya zama an toshe fita ta ƙofa ta 25 ga kowa sai manhajar imel, an ƙayyade wa kowane akwati adadin saƙo a awa, an kuma ware wa imel IP ɗinsa daban da na shafuka. A share ɓarnar kafin a nemi cirewa daga jeri, in ba haka ba za a sake mayar da kai.

Tun Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka mai da shawarar ta zama tilas, Microsoft ta bi sahu a 2025. A dokar Google, mai aika saƙo 5,000 ko fiye a rana zuwa Gmail sai yana da SPF da DKIM da DMARC, da hanyar da mai karɓar talla zai fita da dannawa ɗaya. Kowane mai aikawa, babba ko ƙarami, sai haɗinsa ya bi ta TLS mai ɓoye saƙo a hanya, adireshinsa na IP yana da rajistar PTR mai komawa ga sunan sabarsa, kuma ƙorafin masu karɓa kada ya kai kashi 0.3 cikin ɗari, wato saƙo uku cikin dubu.