Bututun bindigar soja da matsalar zafi

Bututun bindiga shi ne dogon ƙarfen nan mai rami da harsashi ke bi kafin ya fita. Shi ke riƙe matsin albarushi, shi ke murɗa harsashi ya ba shi saiti, kuma shi ne sashen da wuta ke fara cinyewa. A bindigar soja ta zamani matsin da ke cikinsa lokacin harbi yana haura megafaskal 300 a ma'aunin matsi, harshen wutar albarushi kuma yana wuce digiri 2,000 a ma'aunin Salshiyas, alhali ƙarfen yana narkewa tun a wajajen digiri 1,450. Gajartar lokaci ce ke cetonsa, domin wutar ba ta daɗewa a ciki fiye da kusan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Sai dai kowane harbi yana barin nasa zafin, iska kuwa ba ta iya kwashe shi da saurin da yake taruwa.

Sassan bututu

Daga baya akwai ɗakin harsashi, inda kwanson harsashi ke zama, sakata, wato ƙarfen da ke toshe bayan bututu, ta rufe shi. Gaba da shi akwai maƙogwaro, ɗan gajeren wuri da tsagi ke farawa a hankali. Daga nan har baki rami ne mai tsagi murɗaɗɗu. Ana auna murɗin da tazarar da harsashi zai yi kafin ya juya sau ɗaya. Bindigar G3, wadda sojojin Ghana suka daɗe suna ratayawa, tana da bututu mai tsawon milimita 450 da juyi ɗaya a kowace milimita 305. AK-47 tana da milimita 415 da juyi ɗaya a milimita 240. M16 ta fara aiki da murɗi mai sassauci, sannan aka matse shi zuwa milimita 178 a samfurin M16A2, bayan ƙungiyar NATO ta amince da harsashi mafi tsawo da nauyi a 1980. Dogon harsashi yana buƙatar juyi mai sauri, in ba haka ba sai ya yi ta tungure a iska.

Ɗakin harsashin G3 yana da nasa ƙananan tsagi a tsaye. Sakatarta tana fara ja da baya tun matsi bai gama sauka ba, don haka aka bar wa hayaƙi hanya ya ratsa tsakanin kwanso da bango, kada kwanson ya manne ya yage. Baƙaƙen layukan da ake gani a jikin kwanson G3 da aka tsinta a filin harbi daga nan suke.

Ƙarfe da shafen ciki

Yawancin bututun soja ana yin su da ƙarfe mai gaurayen kuromiyam da molibdinam, wani lokaci har da banadiyam, saboda yana riƙe ƙarfinsa idan ya ɗau zafi. Manyan masana'antu suna ƙera shi ta hanyar duka: a zura sanda mai siffar tsagin a cikin ƙarfen, injin guduma ya yi ta bugunsa ta kowane ɓangare har ya ɗauki siffar. Sannan a shafe cikinsa da siririn kuromiyam, wanda ya fi ƙarfe jure wuta kuma ba ya tsatsa. M16 ta farko da aka kai yaƙin Biyetnam ba ta da wannan shafe a ɗakin harsashi, danshin daji ya sa ɗakin ya yi tsatsa, kwansuna suka riƙa maƙalewa, dole aka gyara ƙirar. Wasu bindigogi masu jigida, wato masu cin harsasai da aka jera a ɗamara, irin su M60, an sa wa bayan bututunsu bango na Stellite, gaurayen kobal da ke tsayawa da taurinsa ko ƙarfen da ke kewaye ya yi ja.

Abin da zafi ke yi

Maƙogwaro ne ke fara mutuwa. A nan wuta ta fi ƙuna, kuma fatar ƙarfen tana kumbura tana tsukewa da kowane harbi, har ta tsattsage kamar ƙasar fadama a tsakiyar rani. Hayaƙi mai gudu yana ɓantare gutsattsarin, farkon tsagin ya riƙa matsawa gaba. Harsashi ɗari da aka harba cikin minti biyu sun fi ɗarin da aka harba cikin yini ɓarna nesa ba kusa ba, domin ƙarfe mai zafi ya riga ya yi laushi. Alamar ƙarshe ita ce ramin da harsashi ke bari a allon saiti ya zama dogo maimakon zagayayye, wato ya isa ne a karkace. Ma'aikacin ɗakin makamai ba ya jiran wannan, yana da sandar awo da yake zurawa ta baya ya ga inda zaizayar ta kai.

Na biyu shi ne gocewar saiti. Ƙarfe yana miƙewa idan ya yi zafi, kuma in wani gefe ya fi wani kauri, ko marikin hannu yana danne bututun a wuri guda, sai ya ɗan lanƙwashe. Ido ba zai gani ba, amma a mita 300 harsasai za su watse. Shi ya sa a bindigogin gwanayen harbi ake barin bututu ba ya taɓa komai sai inda aka ɗaure shi a gindi.

Mafi haɗari shi ne harsashi ya tashi da kansa. Idan ɗakin ya yi zafi ainun, albarushin da ke cikin kwanso yana kamawa ba tare da an taɓa kunama ba. Littafin aikin M16 na sojan Amurka ya yi gargaɗin cewa harsashi 140 a jere cikin sauri sun isa su kai bututu wannan matsayi, kuma harsashin da aka bari a ciki zai iya tashi cikin daƙiƙa 10. Saboda haka ne aka ƙera bindigogi masu jigida yadda sakata za ta tsaya a buɗe tsakanin harbi da harbi: ɗakin ba kowa, iska kuma tana ratsawa.

Dabarun sanyaya

Dabara ta farko ruwa ce. Hiram Maxim, wanda ya fito da bindigarsa a 1884, ya sa bututun cikin tulun ƙarfe mai ruwa. Da irinta Turawan Ingila suka yi yaƙin Asante na 1900, lokacin da aka tsare sojojin Hausa a ganuwar Kumasi, wadda yau ta zama gidan tarihin soja. Ƙanwar bindigar Maxim, wato Vickers, tana ɗaukar ruwa kusan lita 4, yana tafasa bayan harsashi wajen 600 a jere, daga nan kuma kowane harsashi 1,000 yana ƙone kusan lita ɗaya. Muddin akwai ruwa, bayan bututun ba zai wuce zafin tafasa da yawa ba. Matsalar nauyi ce da neman ruwan.

Da aka koma ga iska sai aka bi hanya biyu. Ɗaya ita ce ƙara kauri: kilo ɗaya na ƙarfe yana shan kusan jul 460 a ma'aunin makamashi kafin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya, don haka bututu mai kauri ya fi jinkirin ɗaukar zafi, ko da yake shi ma ya fi jinkirin hucewa. Lokaci kawai yake saya. Ɗayar ita ce sauya bututun ɗungurungum. FN MAG, ƙirar Beljiyam ta 1958, tana da mariƙi a jikin bututun, a danna makulli a murɗa a zare shi a sa wani cikin 'yan daƙiƙu. Ƙa'idar sojan Amurka ga wannan bindiga ita ce a sauya bututu kowane minti 10 idan ana harba 100 a minti, kowane minti 2 idan ana harba 200.

Bindigar kafaɗa ba ta da wannan gata. M16 tana iya zubar da harsashi sama da 700 a minti, amma adadin da za ta jure ba tare da tsayawa ba 12 zuwa 15 ne kawai a minti. Wannan giɓi ne ya sa malaman harbi suke nace wa kurata da gajerun harbi da ɗan hutu a tsakani.

A yanayin Ghana

A Teshie da Barikin Burma, a yankin Accra, iskar teku tana ɗauke da gishiri, bututun da aka harba aka ajiye ba a goge ba yana fara tsatsa cikin kwanaki kaɗan, musamman inda shafen kuromiyam ya ɓare. Da hunturu kuma ƙura ce ke cakuɗuwa da mai ta zama kamar yashin goge ƙarfe. Ana shafa mai kaɗan don ajiya, a share shi tas kafin harbi, domin mai ko ruwa a cikin rami yana ƙara matsi har bututu ya yi ƙulu. Ramin bindiga irin M16, mai faɗin milimita 5.56, siriri ne, yana riƙe ruwa bayan an ƙetare rafi ko an sha ruwan sama a dajin Achiase, sai an karkata bakin ƙasa an ɗan ja sakata baya kafin ya zube.