Ra'ayoyin Masu Karatu Kan Littafin The Lord of the Rings

The Lord of the Rings littafin almara ne na kasada da jarumta, wanda J.R.R. Tolkien (1892–1973), shehun malamin harshe da tsohon adabin Ingilishi a Jami'ar Oxford, ya rubuta tsakanin 1937 da 1949. Labari ne na wani ɗan ƙaramin taliki mai suna Frodo, daga jinsin Hobbit (wasu gajerun halittu masu kama da mutane), da aka ɗora wa nauyin kai wani zoben tsafi dutsen da aka ƙera shi don a halaka shi, tun bai koma hannun mai shi ba, wato mugun sarki Sauron. Tun ranar da littafin ya fito masu karatu suka rabu a kansa. Mawaƙi W.H. Auden ya rubuta a 1956 cewa da wuya ya tuna wani littafi da ya yi zazzafar gardama a kansa kamar wannan, domin ba a samun mai tsaka-tsakin ra'ayi: ko mutum ya ɗauke shi gagarumin aiki, ko ya kasa jure shi sam.

Masu karatu na farko

Kafin a buga littafin, kunne ne ya fara shan shi. Tolkien yakan karanta babi-babi ga wata ƙungiyar abokai marubuta da ake kira Inklings, waɗanda ke haɗuwa a ɗakin C.S. Lewis a Kwalejin Magdalen. A cikin wannan ɗan zaman ma an samu rabuwar da ta bi littafin har yau. Lewis ya riƙa matsa masa ya ci gaba, har Tolkien ya faɗa daga baya cewa bashin da Lewis ke bin sa shi ne na ƙarfafa gwiwa, kuma an daɗe ba shi da mai sauraro sai shi. Shi kuwa Hugo Dyson ya ƙosa da jin labarin jinsin Elf (wasu halittu na cikin littafin da ba sa mutuwar tsufa), ya riƙa ƙorafi a fili, har aka daina karatun idan yana wurin, ga alama wajajen 1947. A 1944 Tolkien ya riƙa aika wa ɗansa Christopher babukan tafiyar Frodo da abokin tafiyarsa Sam zuwa Mordor, ƙasar Sauron, lokacin yana horon sojan sama a Afirka ta Kudu.

Rayner Unwin, ɗan mai kamfanin ɗab'i na Allen & Unwin, ya karanta rubutun ya yaba, amma ya ƙiyasta cewa buga shi zai iya jawo asarar fam 1,000. Mahaifinsa ya ce masa in ya yarda aikin na basira ne, to ya yi asarar. Tsadar takarda bayan Yaƙin Duniya na Biyu ce ta sa aka raba littafin gida uku, ba don marubucin ya so ba.

Daga 1954 zuwa 1961

Juzu'i na farko ya fito ran 29 ga Yuli 1954, na biyu ran 11 ga Nuwamba na wannan shekara, na uku kuwa sai ran 20 ga Oktoba 1955. Jinkirin ya samo asali ne daga ratayen ƙarshen littafin da Tolkien ke ta faman haɗawa. Da yake juzu'i na biyu ya ƙare ne Frodo na hannun abokan gaba, masu karatu suka yi ta aika wasiƙu kamfanin suna neman ƙarashen. Waɗannan wasiƙu na daga cikin shaidu na farko cewa labarin ya kama mutane.

Lewis ya rubuta sharhi mai cike da yabo, ya ce littafin ya zo kamar walƙiya babu hadari. Auden ya faɗa a jaridar New York Times cewa cikin shekara biyar bai karanta ƙagaggen labarin da ya faranta masa rai kamar juzu'in farko ba. Edwin Muir, a jaridar Observer, ya yarda da ƙarfin tunanin marubucin amma ya yi kuka da taurarinsa: na kirki ba sa taɓa baɗewa, miyagu ba sa taɓa shiryuwa. Da juzu'i na uku ya fito sai ya ƙara da cewa jaruman nan yara maza ne da suka sa tufafin manya, ba su san komai game da mata ba. Mafi zafin suka ta zo daga Edmund Wilson a mujallar The Nation a 1956. Ya ce ya karanta wa 'yarsa mai shekara bakwai littafin dukansa, kuma a ganinsa shirme ne na yara. Ya ƙara da cewa babban tauraron ba ya gamuwa da jarrabawar zuci ta gaske. Wannan zargi na ƙarshe yana da wuyar tsayawa, domin duk wanda ya kai ƙarshen labarin ya san Frodo ya kasa jefa zoben cikin wutar dutsen, ya ce nasa ne.

A 1957 littafin ya ci kyautar International Fantasy Award. A 1961 Lewis ya gabatar da sunan Tolkien ga kwamitin kyautar Nobel, aka ƙi shi bisa hujjar cewa rubutunsa bai kai matakin ƙoli ba. Ba a san da wannan ba sai da aka buɗe takardun kwamitin a 2012. A 1961 ɗin dai Philip Toynbee ya rubuta cewa an riga an manta da littattafan.

Amurka, 1965

Shekara huɗu bayan maganar Toynbee, kamfanin Ace na Amurka ya buga littafin a bango mai laushi, kowane juzu'i santi 75, ba da iznin marubucin ba, yana mai cewa haƙƙin mallakar bai yi aiki a ƙasar ba. Kamfanin Ballantine ya fito da halattaccen bugu a santi 95, ɗauke da saƙon Tolkien a bayansa yana roƙon masu mutunta rayayyun marubuta su sayi wannan kaɗai. Tolkien ya kuma riƙa sanar da masu rubuto masa daga Amurka halin da ake ciki. Masu karatu suka ɗauki maganar, suka matsa wa shagunan littattafai, har Ace ya biya marubucin ya kuma daina bugawa. A nan ne ra'ayin mai karatu ya fara fin na masharhanta tasiri a kan makomar littafin. Ɗaliban jami'o'i suka rungume shi, aka riƙa rubuta a bango cewa Frodo na raye, aka kafa ƙungiyar masoyansa a Amurka a 1965, ta Birtaniya kuma a 1969.

A gabatarwar da ya yi wa sabon bugun, Tolkien ya amsa masu sukarsa. Ya ce wasiƙun da ke zuwa masa sun nuna cewa babin da wasu ke gani aibi, shi ne wasu suka fi ƙauna. Ya musanta cewa labarin habaici ne ga Yaƙin Duniya na Biyu. Aibin da shi kansa ya amince da shi ɗaya ne: littafin ya yi gajarta.

Abin da ake yabo

Abin da masoya littafin suka fi ambata shi ne duniyarsa. Mai karatu yakan ji cewa bayan kowane kango da kowace waƙa akwai tarihin da ba a ba shi duka ba. Wannan ba dabarar ido ba ce, tarihin yana nan a rubuce: Tolkien ya fara tsara tatsuniyoyin zamanin farko tun wajajen 1917, kuma ya ƙirƙiri harsunan Quenya da Sindarin, na farko da ƙanshin harshen Finland, na biyu da na Wales. Ya faɗa a wata wasiƙa ta 1955 cewa labaran ne aka yi don harsunan su samu wurin zama. Ga taswirorin da Christopher ya zana, ga rataye shida masu ɗauke da salsalar sarakuna, kalanda da haruffa. Akwai masu karatu da ke bin tafiyar da taswira a hannu, suna lissafa kwanaki da fitowar wata, su tarar lissafin ya yi daidai.

Sai Sam, mai lambun Frodo. Da yawa suna ɗaukar sa shi ne jarumin gaskiya. Tolkien, wanda ya halarci yaƙin Somme a 1916 lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya ce ya zana shi ne daga ƙananan sojoji da masu hidimar hafsoshi da ya sani, waɗanda yake ganin sun fi shi nesa ba kusa ba. Haka nan Gollum, talikin da zoben ya lalata bayan ya daɗe a hannunsa, wanda tausayin da aka yi masa tun farko ne ya ceci kowa a ƙarshe. Shi da wasu taurarin labarin, wato Boromir da Saruman da Denethor, su ne amsar da ake ba Muir, domin dukansu ba miyagu ba ne tun asali. Gazawar Frodo a bakin ramin wuta ta dami wasu masu karatu na farko, har wani ya rubuto cewa kamata ya yi a hukunta shi a matsayin maci amana. Tolkien ya amsa cewa Frodo ya ba da iyakar abin da yake da shi, kuma babu mai iya fin haka a wannan wuri. Yau wannan juyi na cikin abubuwan da aka fi girmama littafin a kai, tare da baƙin cikin da ke lulluɓe da nasarar: Frodo ya ceci ƙasarsa amma ya kasa zama a cikinta.

Abin da ake kuka da shi

Ƙorafi na farko shi ne jan ƙafa. Shekara 17 ke tsakanin bikin da ya buɗe labarin da ranar da Frodo ya bar gida, kuma sai bayan babi 12 ya isa Rivendell, mazaunin Elrond, wani babba daga jinsin Elf. Babi uku daga ciki na Tom Bombadil ne, mutumin da zoben ba ya yi wa komai, wanda ke rera waƙa ya wuce. Tolkien kansa ya ce Bombadil ba shi da muhimmanci ga tafiyar labarin, kuma da gangan ya bar shi a matsayin abin da ba a warware ba. Sai taron Elrond, inda aka yanke shawarar halaka zoben, babi mafi tsawo, kusan kalma 15,000 na zance zalla. A nan mutane da yawa ke ajiye littafin, alhali wasu a nan suke cewa ya fara daɗi. Waƙoƙin ciki sun haura 60, kuma masu tsallake su ba sa ɓoyewa. Bayan an halaka zoben ma akwai sauran babi shida.

Na biyu shi ne salo. Harshen yana farawa da sauƙi irin na ƙauye, yana hawa har ya koma na tsofaffin littattafai idan sarakuna na magana. Wani matashi mai karatu ya yi wa Tolkien ƙorafin haka tun farko, shi kuwa ya kare kansa da cewa sarki irin Théoden ba zai yi tunani da harshen zamani ba. Michael Moorcock, a wata maƙala ta 1978, ya ce rubutu ne na rarrashin yara, mai kwantar wa mutane hankali su ƙi fuskantar zamaninsu. Tom Shippey, a littattafansa na 1982 da 2000, ya nuna yadda kowane mai magana a taron Elrond yake da nasa harshe, ya ce masu sukar ba su saurara da kyau ba. Ursula K. Le Guin ta yabi karin jimlolin, musamman in an karanta a bayyane.

Tambayar me ya hana manyan mikiyoyin da ke cikin labarin su kai zoben dutsen kai tsaye ta daɗe tana yawo. Tolkien ya ce a 1958 mikiyoyin dabara ce mai haɗari ga labari, shi ya sa ya taƙaita amfani da su. George R.R. Martin, wanda masoyin littafin ne, ya ce da an bar Gandalf, jagoran tafiyar da ya mutu ya dawo, a mace da ya fi, ya kuma tambaya a 2014 wane tsarin haraji Aragorn, abokin tafiyar Frodo da ya zama sarki, ya bi da ya hau mulki.

Mata da launin fata

Babu mace cikin matafiya tara da suka tashi da zoben daga Rivendell. Masu kare littafin suna nuna Éowyn, jarumar da ta shiga yaƙi, da Galadriel, sarauniya daga jinsin Elf. Masu suka suna cewa labarin Arwen, matar da Aragorn ya aura, a rataye aka ajiye shi. Ana kuma gardama kan siffanta jinsin Orc (wasu miyagun halittu) da mutanen kudu da gabas da ke yi wa Sauron yaƙi. Wasu na ganin wariyar launin fata, wasu na kawo martanin da Tolkien ya rubuta a 1938 yana ƙyamar tambayar wani kamfanin Jamus kan asalin jininsa. Ba a daidaita ba.

Ƙuri'un jama'a

A 1997 shagunan Waterstones da tashar Channel 4 suka tambayi masu karatu wajen 25,000 littafin da ya fi kowane a ƙarni na 20, wannan ya zo na ɗaya. Marubuta da dama sun nuna takaici a jaridu, ciki har da Germaine Greer, wadda ta ce abin da ta daɗe tana tsoro ne ya tabbata. Ya sake yin na ɗaya a ƙuri'ar BBC ta 2003, haka ma a ta tashar ZDF a Jamus a 2004. An fi ambata kofi miliyan 150 a matsayin abin da aka sayar, amma ƙiyasi ne.

Bayan fina-finai

Fina-finan Peter Jackson na 2001 zuwa 2003 sun cire Bombadil da babin ƙwato Shire, ƙasar su Frodo, suka faɗaɗa rawar Arwen. Masu zuwa ga littafin daga fim sun fi kuka da jan ƙafar farkonsa, tsofaffin masu karatu kuma sun fi jin zafin rashin babin Shire.